Gidan Tsinken Tsire

Ambar ta ga gidan ubanta a kasuwa kamar yadda take ganin gidan kowa, wato a waya, da babban yatsa. Tana zaune a ofishinsu na dillancin gidaje da ke Semarang ta tudu, kwanon miyar soto na hucewa a gabanta, tana leƙen abin da sauran dillalai suka zuba a shafin tallan gidaje tun safe. Al'adarta ce, kuma ba don ta yaba wa kowa take yi ba. Ta wuce wani bene a Banyumanik, ta wuce wani fili da aka ɗauki hotonsa a karkace, sai ga wata baranda mai daɓen tayil kore da ruwan ƙwai, da kujerar saƙa wadda aka ɗaure ƙafarta ɗaya da wayar ƙarfe. Ita ta ɗaure ƙafar nan da hannunta tun tana 'yar sakandare.

A ƙasan hoton an rubuta: tsohon gida mai ƙwari, unguwa mai natsuwa, takardu cikakku. Ƙasa da haka ga fuskar dillaliya a cikin ɗan da'ira, haƙora duka a waje. Yayuk ce, matar ƙaninta Gunadi.

Tsakanin matan nan biyu ko ga maciji ba sa yi. Ambar ce ta ɗauko Yayuk daga kantin sayar da man shafawa ta koya mata dillanci, daga yadda ake riƙe waya a ɗauki falo ya yi faɗi har yadda ake amsa saƙon mai saye kafin zuciyarsa ta huce. Da Yayuk ta ji ta ƙoshi sai ta koma wani ofishin, ta tafi da lambobin mutanen da ba ita ta samo ba. Tun daga nan gaisuwar Sallah ma sai da ƙyar, ita ma don idon tsoho.

Ambar ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin uwarta, madafa, rijiyar bayan gida, ƙofar gefe mai shuɗin fenti. Ta kai ƙarshe ta sake dawowa farko, sannan ta gane abin da babu. Babu hoto ko ɗaya da aka ɗauka daga gaba. Ta buɗe taswira, ta ga jan ɗigon da ke nuna inda gida yake an tura shi 'yan gidaje zuwa hagu, ya zauna lafiya lau a tsakiyar layi.

Dalilin a fili yake ga duk ɗan garin nan. Titin Kenanga daga kan tudu yake gangarowa ɗoɗar, bai kauce ko'ina ba sai da ya zo ya tsaya a bakin gidan ubanta Pak Wiryo, sannan ya rabu dama da hagu. Irin wannan gida tusuk sate muke ce masa, tsinken tsire: hanya ce tsinken, gidan kuma naman. An ce ciwo ba ya rabuwa da masu shi, arziki ba ya kwana, miji da mata kullum cikin hayaniya. Za ka samu mai digiri yana dariyar wannan magana a gaban mutane, amma ka ce ya kawo kuɗinsa ya saya, sai ya tuna yana da wani uzuri. Marigayiya uwar Ambar ta shuka gorar rawaya a gaban gidan don ta tare abin da hanya ke kawowa, uban kuma ya toshe babbar ƙofa ya fasa wata a gefe. Gorar ta girma ta yi duhu har ta rufe rabin rufin.

Ambar ta ture kwanon soto, ta ɗauki makullin mota.

Pak Wiryo yana gidan Gunadi tun faɗuwar da ya yi a banɗaki, wadda ta bar masa ƙafa ɗaya tana ja. Ta same shi a baranda da sandarsa, Yayuk kuma tana gefe tana yanka masa gwanda kamar wata 'yar kirki. Ambar ta sunkuya ta sumbaci hannun ubanta, don ko fushi bai hana wannan ba, sannan ta ajiye wayar a kan tebur, hoton barandar na sama.

"Pak, a intanet zan ji an sa gidanmu a kasuwa?"

"Zauna, Nduk," in ji tsohon. Haka yake kiranta har yau, 'yar yarinya, alhali furfura ta fara leƙo mata.

"Ba zama ya kawo ni ba."

Yayuk ta ɗago, wuƙa a hannu, ta gaishe ta da Mbak, wato yaya. "Sannu da zuwa, Mbak Ambar. Ashe kina duba shafina. Na gode, ana ƙirga masu leƙowa."

"Da ke nake? In manya na magana ki ci gaba da fere gwandarki."

"Ai gidan ma na fere shi, Mbak, ya yi kyau. Kin ga hasken ɗakin marigayiya Ibu? Da safe na ɗauka, kamar yadda kika koya mini."

Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya. Ya ce ai Ambar ya fara ba wa gidan ta sayar, tun ba a yi wannan damina ba, tun ba a yi wadda ta gabace ta ba. Kullum sai ta ce kasuwa ba kyau, a dakata. Ko ƙyallen talla ba ta rataya a ƙofa ba. Gida kuwa in ba kowa a ciki mutuwa yake, gara ta fara cin ƙofofi, rufin madafa ya fara zuba.

"Na samu masu zama a ciki," in ji shi. "Wani malamin makaranta ne, Mas Danang, da matarsa mai juna biyu. Sun zo sun gani da idonsu. Matar ta tsaya a gindin gorar uwarki ta ce ba za ta taɓa sare ta ba. Na gaya wa Yayuk ba zan sayar wa kowa ba sai wanda zai kwana a ciki."

"Sun san tsinken tsire ne?"

"Makafi ne su?" in ji Yayuk. "Ta titin suka gangaro. Yaran zamani ne, ba ruwansu. Iyayensu kawai ba mu so su fara dogon tunani, shi ya sa na gyara hotunan."

"Kika gyara taswira kuma. Ƙarya dai ake kiranta a garinmu."

"To, Mbak, in gidan ya dame ki haka, ga makulli can a rataye. Ki kwashe kayanki daga wancan benen naku mai lif ki koma. Yau ɗin nan zan sauke tallan, Allah na gani."

Nan asirin Ambar ya tonu. Ba za ta iya kwana a gidan ba. A ɗakin gaba uwarta ta yi doguwar jinyarta, fitilun motocin da ke gangarowa suna ratsa gora suna yawo a bango, maƙwabta na zuwa dubiya suna raɗa cewa hanyar ce. Ambar ba ta taɓa cewa ta yarda ba, amma tun ranar da aka fitar da gawar ba ta sake rufe ido a ƙarƙashin rufin nan ba. So take gidan ya tsaya yadda yake, da kujerar, da gorar, da ƙamshin kafur a cikin kabad, ta riƙa wucewa tana ganinsa. Ba ta shiga, ba ta kuma yarda wani ya shiga.

Yayuk ta miƙa mata faranti. "Gwanda, Mbak?"

Ambar ta ɗauki wayarta ta fita ba sallama.

Abin da Yayuk ta manta, ko ta raina, shi ne Ambar ba ƙaramar dillaliya ba ce a waya. Kowane mako tana sakin ɗan gajeren bidiyo da ta sa wa suna Nasihar Bu Ambar, kuma mabiyanta sun wuce Semarang, har Solo da Surabaya ana tura wa juna. Sababbin dillalai biya suke yi su zauna a gabanta ranar Asabar tana karanta musu darasi. Kada ka yi talla, ka koyar, mai saye zai biyo ka da kansa. Ka kama mutum tun numfashin farko, kafin yatsansa ya ture ka. Tsoro ya fi kwaɗayi saurin yaɗuwa. Ka rufe da tambaya don mutane su cika ƙasan bidiyon da surutu, surutun ne ke tura shi gaba. Duk ta san waɗannan kamar yunwar cikinta, kuma duk ta haɗa su a kan gidan ubanta.

Ta ɗauko mai ɗan jirgin ɗaukar hoto da safiyar Lahadi, lokacin da titi ba cunkoso. Jirgin ya tashi daga kan tudu ya biyo Titin Kenanga a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar mota ce ke gangarowa ba birki, gidan na ƙara girma a tsakiyar hoto har gorar ta cika fuskar waya. Da ta ga abin a kwamfuta sai da ta sake kallonsa, don ko ita ba ta taɓa ganin gidan haka ba. Ta ɗora muryarta a kai, muryar nan mai sanyi da mutane ke so.

"Kafin ka ba da kuɗin kamu, tambayi dillalinka: ina hoton gaba? Dubi wannan. Duk wanda ya sauko daga tudun nan, ko yana so ko ba ya so, ba abin da idonsa zai gani sai wannan gida. Hanya ta soke shi a ƙirji. Yanzu dubi yadda aka tallata shi."

Sai ta jera hotunan Yayuk, ƙofar gefe mai shuɗin fenti, jan ɗigon da aka matsar. Ta rufe lambar gidan da sunan dillaliya, wai ita mai mutunci, alhali ko mai tura keken miyar bakso na unguwar zai gane. A ƙarshe ta kalli kyamara ta ce, "Kai fa, za ka kwantar da jaririnka a gidan tsinken tsire? Gaya mini a ƙasa."

Jaririn nan da gangan ta sako shi. Ta san wa take nufi.

Kafin la'asar bidiyon ya fi ƙarfin mai shi. Masu cewa camfi ne suna zagin masu cewa gaskiya ne, wani ya ba da labarin kawunsa da ya karye a kasuwa, wata ta ce babbar mota ta taɓa shiga falon maƙwabtansu, wasu kuma suka tono tallan Yayuk suka liƙa a ƙasa, da fuskarta da haƙoranta. Ambar tana kwance a kujera tana karantawa, daɗi kamar an ba ta kujerar Makka. Ba a yi kwanaki ba bidiyon ya faɗa zauren hirar waya na dangin matar Mas Danang, uwar yarinyar ta gani, ta ce in dai ita ta haife ta ba za ta haihu a gaban hanya ba. Malamin ya kira Yayuk yana ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi.

Gunadi ne ya kira yayarsa. Mutum ne mai gudun fitina, ma'aikacin ofishin ruwa, wanda duk rayuwarsa a tsakanin mata biyu masu baki ya yi ta.

"Mbak, me kika yi haka?"

"Ilimi na ba jama'a. Na ambaci sunan wani?"

"Bapak ya gani," in ji Gunadi, yana nufin ubansu.

"Wa ya nuna masa?"

"Wa kike tsammani? Har sau biyu ya ce a maimaita masa. Bai ci abincin rana ba."

"Ka ce wa matarka ta mayar da ɗigon taswira inda Allah ya ajiye shi."

"Ke dai a fasa kowa ya rasa," in ji Gunadi, ya kashe wayar. Bai taɓa kashe mata waya ba sai ranar.

Yayuk ba ta kwanta ba. Ta saki nata bidiyon, tana tsaye a ƙofar gefen, ta sha hoda, tana magana a kan wasu tsofaffin dillalai da kasuwa ta juya wa baya suka koma sayar da tsoro. Ambar ta mayar da martani da darasi a kan dillalan da ba su san bambancin takardar mallaka da takardar haya ba. Yayuk ta saka hoton kanta tana dariya da rubutu a ƙasa, wai hassada ga mai rabo taki ce. Haka suka yi ta yi, kowace da rundunarta, mutanen da ba su taɓa taka Semarang ba suna zagin juna saboda su. Mabiyan kowace suka ƙaru, abin da ya sa ba wadda ta ga dalilin dainawa.

Gidan kuwa yana nan. Yayuk ta mayar da ɗigon, ta saka hoton gaba tunda ba sauran abin ɓoyewa, ta sauke farashi, ta sake saukewa. Masu iyali ba wanda ya ƙara kira. Sai 'yan babur da ke tsayawa su ɗauki kansu hoto a gaban gorar, su rubuta cewa ga su a gidan nan da ake faɗa. Damina ta sauka da ƙarfinta, rufin madafa ya rufta, ruwa ya kwanta a ɗakin uwar. Ambar takan gangaro ta titin da yamma, ta rage gudu, ta ga gorar na kaɗawa, ta ji zuciyarta ta kwanta. A ganinta ta ci nasara. Ubanta ya daina ɗaukar wayarta, amma ta ce wa kanta fushin tsoho ba ya daɗewa.

Wata ranar Talata da hantsi saƙon Yayuk ya shigo, na farko tun da aka fara yaƙin. "Mbak, ki zo Kenanga in kina da sarari. Akwai wanda ya nace sai ya gaishe ki." Har da ɗan hoton hannaye biyu a haɗe.

Ambar ta so ta share, amma ladabin saƙon ya hana ta sukuni. Yayuk ba ta ladabi a banza.

Tun daga kan tudu ta hango motar Gunadi a gefen hanya, da wata farar motar ɗaukar kaya, da mutane a gaban gidan. An buɗe tsohuwar babbar ƙofar da uban ya toshe, bulo a zube a ƙasa. Wani mutum ne tsaye a tsakiyar titi, gajere mai tumbi, da farar hula da zanen sarung, ya juya wa gidan baya yana kallon tudu, ya ware hannuwa kamar mai auna yadi. Da ta fito daga mota sai ya taho da sauri, fuska cike da fara'a.

"Bu Ambar da kanta. Wallahi kin fi kyau a fili. Masrukan sunana, daga Kudus, taya da batir nake sayarwa."

"Pak Haji ne ya sayi gidan," in ji Yayuk daga baranda. Tana zaune a kujerar saƙar, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Jiya aka sa hannu."

Ambar ta juya ga mutumin, don bakin dillali ba ya mutuwa da wuri. "Pak Haji, an dai gaya maka ko wane irin gida ne? Tsinken tsire ne. Ka tambayi unguwa, matar gidan ma a ciki ta..." Sai ta haɗiye sauran.

Haji Masrukan ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Bu, ai shi na zo saye. Wa ya ce miki kwana zan yi a ciki? Ni ma ba zan kai iyalina gaban hanya ba, ina da hankali. Amma taya ba ta ciwo, batir ba ya faɗa da matarsa. Mu 'yan kasuwa irin wannan wuri muke nema da fitila. Na daɗe ina son buɗe reshe a Semarang, dillalai suna ta kai ni lunguna. Sai ɗana ya turo mini wannan."

Ya zaro waya daga aljihun riga, ya laluba da kaurin yatsansa, ya ɗaga mata. Jirgin ya sake gangarowa Titin Kenanga, muryarta mai sanyi ta fito a tsakiyar titi, a gaban ma'aikata da maƙwabtan da suka fara taruwa. Duk wanda ya sauko daga tudun nan, ko yana so ko ba ya so, ba abin da idonsa zai gani sai wannan gida.

Ya tsayar da bidiyon a nan. "Kin ji? Ko yana so ko ba ya so. Da na ji wannan na ce wa direba ya tayar da mota. Allon suna zan kafa a nan, babba, mai wuta, tun daga kan tudu za a karanta. Ga farashi kuma ya faɗo, albarkacinki. Allah ya saka da alheri, Bu."

"Gidan fa?"

"Wane gida? Ai rufin ma ya gaji. Rushewa za a yi, a zuba kankare, motoci su samu wurin juyawa. Wannan gorar ce za ta fara tafiya, ita ke tare fuska." Ya juya ya ɗaga murya. "Ku fara ta can gefen, ku kula da wayar lantarki."

Ambar ta nufi motar Gunadi. Uban yana kujerar gaba, gilashi a sauke, sanda tsakanin gwiwoyinsa, idonsa a kan gorar. Ya rame. Gunadi yana riƙe da sitiyari, ya ƙi kallonta. Ta kai hannu za ta kama na tsohon ta sumbata, bai miƙo ba, bai kuma janye ba, sai ta tsaya da hannunta a kan ƙofar mota.

"Pak, ka ce sai wanda zai kwana a ciki."

"Na faɗa."

"To ni zan kwana. Yau zan kwaso kayana. A mayar masa da kuɗinsa, ni zan gyara rufin, zan..."

"An sa hannu, Ambar."

Ambar ya ce, ba Nduk ba. Ta ji wannan fiye da sauran maganar.

"Na samo wadda za ta shayar da gorar uwarki," in ji shi, a hankali, ba tare da ya juyo ba. "Kin kore ta da cikinta. Na jira wani mai iyali har ruwa ya ci ɗakin. Shekara da shekaru gidan nan yana gaban hanya, ko keke bai taɓa bugun katangarsa ba. Mutane suna cewa hanya za ta ci mu, uwarki tana tsoro, ni ina toshe ƙofa. Ashe ba ta can za a zo ba."

Aka ji saran farko. Gora ba ta faɗuwa kamar bishiya, tsagewa take da ƙara, sannan ta kwanta a kan 'yan uwanta tana shuu. Tsohon ya ɗaga gilashin motar da kansa, ya ce wa Gunadi su tafi.

Ambar tana nan tsaye inda motar ta bar ta sai ga Yayuk ta sauko daga baranda, tana tafe tana danna waya. Ta zo daf da ita, har Ambar na jin ƙamshin turarenta, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda Haji ba zai ji ba.

"Mbak, kin san ƙa'idar sana'a, ke kika koya mini. Mai gida nawa ne, mai saye naki ne, don da bakinsa ya ce ke kika kawo shi. La'ada rabi da rabi. Ba zan ci haƙƙinki ba."

"Ki riƙe tsiyarki."

"A'a, ni ba na cin haram. Zan ba ƙaninki Mas Gun ya kai miki. Kujerar nan kuma in kina so ki ɗauka kafin su jefa ta a mota, na ga kamar aikin hannunki ne a ƙafar." Ta ɗan matsa, ta dubi wayarta, ta danna sau ɗaya. "Yauwa. Na saka."

Wayar Ambar ta yi ƙara a cikin jaka. Ba ta so ta duba ba, amma hannun da ya saba ba ya neman izini. Hoton gidan ne daga gaba, daga tsakiyar titi, an buga masa jan hatimi a ƙirji: AN SAYAR. A ƙasa fuskoki biyu cikin da'ira biyu, kafaɗa da kafaɗa, ta Yayuk da tata. Rubutun ya ce: godiya ta musamman ga yayata kuma malamata Bu Ambar, wadda bidiyonta ya kawo mai saye. Dangi in sun haɗa kai ba abin da zai gagare su.

Wayar ta sake ƙara, ta sake, ta ci gaba. Mabiyanta ne. Barka, Bu Ambar. Ashe dabara ce tun farko, kai, gwana gwana ce. Wata daga cikin ɗalibanta na Asabar ta rubuta cewa don Allah a koya musu wannan salon a darasi mai zuwa.

Ta ɗago kai. An riga an buɗe gibi a tsakiyar gorar, kuma ta cikinsa, karo na farko tun tana yarinya, ta ga tagar ɗakin uwarta tana kallon hanya. Haji Masrukan ya hau can tsakiyar tudu yana ɗaga wa ma'aikata hannu, yana ihu cewa yanzu ya fara gani, su ci gaba. Ta wannan titin take komawa gida kullum, ba wata hanyar.